Katangar Gabas

Ni na gina ta.
In za a yi shari'a, a fara daga nan.
Ni na kwaɓa ƙasar da ƙafata,
na ɗora tubali bisa tubali,
Dogara na miƙo mini ruwa a gwangwanin tumatir.

Ruwan da muka roƙa shi ya kada ta.
Mako uku muna durƙuso a majami'a,
gero ya naɗe kunne a gonakin hanyar Tibiri,
muka ce: Uba, buɗe sama.
Ka buɗe.
Daren Laraba ruwa ya shigo Maradi kamar mai bin bashi,
kafin zakara ya yi cara
katangar gabas ta kwanta a kan tabarmar yaro.
Shekara shida. Giɓinsa bai ma cike ba.

Masu gaisuwa sun cika rumfa.
Dattijo Barmo ya ce zinariya sai da wuta,
wanda Allah ke ƙauna shi yake gwadawa.
To, na ji, ni ne zinariyar.
Yaron fa? Shi ne itacen?
Ban faɗa ba, ba a katse babba.

Wata daga zumuntar mata ta rage murya:
a duba gida, ruwa ba ya tsami banza.
Rifkatu ta ji.
Ta kwana tana tankaɗe rayuwarta,
da safe ta samo bashin gishiri na bara,
dala ashirin da ta manta.
Ubangiji, dala ashirin ce kuɗin yaro?

Malam Sahabi, maƙwabcina,
da ya yar da buta a ƙofar masallaci
ya tona ƙasa da hannu har farcensa ya fita,
kalma ɗaya ya kawo: haƙuri.
Daga bakinsa na karɓa, don na ga yatsan.

Fasto ya zo da littafi a hammata.
Na jira ya buɗe, na riga na wasa harshe.
Bai buɗe ba.
Ya zauna a kan ɓaraguzai, wandonsa ya sha laka,
ya ce: Jatau, ban sani ba.
Sai faɗan da na tanada ya rasa wurin sauka.

Rana ta bakwai Iya Tabawa ta taso daga Danja,
wadda kuturta ta cinye wa yatsu tun tana amarya.
Ta tallabo ƙwaryar kunu da dungulmi biyu.
Ta ce: shekara arba'in nake tambayarsa yatsuna.
Na ce: me ya ce?
Ta ce: bai ce komai ba, ɗan nan.
Tafinsa ya buɗe mini, shi ma da huda.
Sha, kafin ya huce.

Na sha.

Ran Lahadi nakan tsaya a baya, kusa da takalma.
Ba na waƙa. Bakina bai yarda ba tukuna.
Ina duban gicciyen da ni na kafa shi a bango,
ina ce maka a zuci:
an ce kai ma an binne maka ɗa.
Naka kwana uku ya yi.
Nawa yau kwana talatin da ɗaya,
kuma ƙasar Maradi ba ta motsa ba.

Ban bar ka ba, kada ka ɗauka na bar ka.
Mai ƙara ba ya barin ƙofar alƙali.

Gero ya yi kyau bana, zangarniya kamar damtse.
Ruwan nan ne ya raine shi.
Za mu ci, za mu ma ce mun gode,
nan ne abin ya fi ciwo.

Jiya na koma kwaɓa ƙasa.
Sahabi na zubo ruwa, yatsansa a ɗaure.
Da ƙishi ya kama ni na miƙa hannu baya
ban waiwaya ba.